PS5 ko kwamfuta: wanne ne ba zai ci gumin ɗan Zango ba?

Razak, Nima:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya ce ga waɗanda suka san harkar. Mutum yana zaune a Akra, ya tara kuɗin da ya kai sayen PS5 guda, wato na'urar wasan bidiyo ta Sony, PlayStation 5. Ƙwallo yake bugawa da wasannin harbi, wani lokaci da abokai ta intanet. PS ɗin zai saya, ko ya haɗa kwamfuta? Maganar wanne ya fi kyaun hoto an gaji da ita. Abin da nake son ji shi ne wanne ne bayan shekara uku ko huɗu mutum ba zai waiga ya ga an cuce shi ba.

Fuseini, Madina:
Wa alaikumus salam. Razak, fara da lissafin da mai shago ba zai yi maka ba. A PS5, kusan duk gem ɗin da aka saya da kuɗi, irin FC (gem ɗin ƙwallo na kamfanin EA, wanda a da ake kira FIFA) ko Call of Duty, ba ka buga shi da wani ta intanet sai ka biya PlayStation Plus, kuɗin rajistar Sony. Mafi ƙanƙantar ajin a da dala 60 ne a shekara, a Satumban 2023 Sony ya mai da shi dala 80. Shekara biyar dala 400 ke nan, daidai da farashin PS5 marar faifai ranar da ya fito a Nuwamban 2020. Wato ka sayi na'urar sau biyu. Kuma datarka ce kake ƙonawa, su ba su ba ka intanet ba. A kwamfuta babu wannan haraji ko sisin kwabo. Gem na kyauta irin Fortnite da eFootball da Warzone ba sa neman Plus a PS.

Na biyu, kasuwa. PS marar faifai shago ɗaya gare shi a duniya, na Sony. Tun Afrilun 2019 suka hana 'yan kasuwa sayar da lambar sauke cikakken gem, don haka farashin da suka rubuta shi za ka biya. A kwamfuta shagunan gem na intanet da yawa ne: akwai Steam, akwai Epic da ke raba gem kyauta kowane mako, akwai GOG. In wannan ya tsuga kuɗi sai ka leƙa wancan.

Yusif, Aboabo:
Yaya Fuseini, ka faɗi gaskiya amma rabi. Ka ɗauki PS marar faifai ka gwada da kwamfuta. Ɗauki mai faifai mana. Faifai kaya ne a hannu. Ka gama buga shi ka kai Adum ko Circle ka yi musanya, ka ara wa maƙwabci, ka sayar ka ƙara kuɗi ka karɓi wani. Gem ɗin da ka saya a Steam ka sayar wa wa? Yana maƙale a asusunka har abada, kuma dokarsu ta hana sayar da asusun. A wurinmu da sabon gem yake dala 70, ikon sake sayarwa shi ne babban rangwamen da talaka yake da shi.

Ga kuma data. Manyan gem na yanzu suna kai 100GB. A layin da ke ba da 10Mbps ba tare da yankewa ba, sauke 100GB awa 22 ne da 'yan mintuna. Faifai kuwa cikin na'urar yake kwafewa.

Fuseini, Madina:
Ba kowane faifai ba, ƙanena. Faifan Call of Duty: Modern Warfare II na 2022 abin da ke cikinsa bai wuce 70MB da ɗan wani abu ba. Mabuɗi ne kawai aka saka a kwali, sauran duk saukewa za ka yi. Kafin ka sayi faifai juya bayan kwalin ka karanta, in an rubuta ana buƙatar intanet to ka san inda ka dosa.

Maganar data kuma kwamfuta tana da mafita. In ɗan'uwanka ya riga ya sauke gem a Steam, ka saya a naka asusun, ka kwafi jakar gem ɗin daga steamapps, cikin common, zuwa faifan ajiya na waje, ka zuba ta a wuri iri ɗaya a taka kwamfutar, sannan ka danna girkawa. Steam zai ga fayilolin, ya tantance su, ya sauke abin da ya rage kaɗai. In kwamfutocin biyu suna kan rauta ɗaya ma shi da kansa yake turawa daga wannan zuwa waccan. Abin da ke ɓata wa mutane aiki shi ne canza sunan jakar. Harafi ɗaya ya bambanta, sai ya fara saukewa daga farko.

Ayisha, Mamobi:
Salamu alaikum. Akwai abin da ba wanda ya taɓo, kuma a ganina shi ne tushen tambayar Razak. Ghana ba ta cikin ƙasashen da ake buɗe asusun PlayStation da sunansu. In ka zo zaɓen ƙasa, Afirka ta Kudu za ka gani, Ghana babu. Shi ya sa kowa a nan asusun Amurka ko na Ingila yake buɗewa da adireshin da ba nasa ba. Yana aiki, amma ku lura da abin da yake jawowa.

Ƙasar da ka zaɓa ranar farko ba ta canzuwa. Katin kuɗin da za ka loda dole ya zama na wannan ƙasar: katin dala ba ya shiga asusun Ingila, na fam ba ya shiga na Amurka, kuma mai sayar da katin ba zai karɓe shi ba bayan an kankare. Faifan gem ba a kulle shi da yanki ba, na ko'ina yana bugawa, amma ƙarin da ake saya a kansa dole ya dace da yankin faifan. Faifai na Turai, asusu na Amurka, ka sayi ƙari, kuɗi sun tafi ƙarin bai bayyana ba. Sannan ranar da aka samu matsala, kana magana da kamfanin ne a matsayin mutumin da ya ce yana zaune inda ba ya zaune. Da wane bakin za ka yi ƙara?

An ga haka ƙarara a Mayun 2024 da gem ɗin Sony mai suna Helldivers 2. Mutane sun saya a Steam sun yi watanni suna bugawa, sai Sony ya ce dole kowa ya haɗa da asusun PlayStation. Aka cire gem ɗin daga sayarwa a ƙasashe da yankuna sama da 170 da ba su da wannan asusu. Cikin 'yan kwanaki Sony ya janye sharaɗin saboda 'yan wasa sun yi masa ca. Steam kuwa yana yarda ka rubuta Ghana a matsayin ƙasarka, ka biya da katin bankinka na Visa ko Mastercard in an buɗe masa sayayyar waje.

Yusif, Aboabo:
Amma Anti Ayisha, wannan misalin ai a kan 'yan kwamfuta ya faɗa. Wanda yake da PS5 bai ji komai ba.

Ayisha, Mamobi:
Haka ne, kuma abin lura ke nan: kwamfuta ba ta fitar da kai daga hannun kamfanin da ya yi gem ɗin. Steam ma ba waliyyi ba ne. Afirka ta Kudu tana da farashinta da kuɗin ƙasarta, ƙasashen arewacin Afirka irin Masar da Maroko an yi musu rukunin farashi na daban a ƙarshen 2023. Mu a nan farashin Amurka muke biya da dala, banki ya ɗora nasa canjin da caji. Mai karɓar albashi da sidi yana biyan abin da mai karɓa da dala yake biya. Wannan ba adalci ba ne, ko a PS ko a kwamfuta.

Malam Sani, Circle:
Jama'a sannunku. Duk wannan lissafin dala yana da kyau, amma abin da ke kashe na'ura a garin nan wuta ce da ƙura, don haka bari in saka su cikin ma'auni.

PS5 yana cin wajen wat 200 lokacin da ake buga babban gem. Kwamfuta mai matsakaicin ƙarfi, a ce Ryzen 5 5600 da katin hoto RX 6600, tana kai 250 zuwa 300, mai babban kati ta wuce 400. A awa biyar kullum, wat 200 yunit 30 ne a wata, wat 350 kuma yunit 52 da rabi. Mai mitar kati zai ji bambancin. Xbox Series S ya fi su duka sauƙin wuta, bai kai wat 100 ba, sai dai ba ya cin faifai sam.

Wutarmu volt 230 ce. PS4 da PS5 suna karɓar daga 100 zuwa 240, ko daga Amurka aka kawo babu damuwa, wayar kawai za a canza zuwa mai baki uku. Tsofaffin kwamfutocin da ake saukewa daga kwantena su ne abin tsoro. Wasu akwatin wutarsu yana da ɗan jan maɓalli a baya mai 115 da 230. In yana kan 115 ka jona, ƙara ɗaya za ka ji da hayaƙi. Duba shi kafin ka taɓa soket.

UPS, akwatin batirin da ke riƙe wuta in an ɗauke ta, wajibi ne ga kowanne. Ƙaramin nan na 650VA da ya cika kasuwa ainihin ƙarfinsa wajen wat 360 ne, PS5 da talabijin sun kusa cinye shi, kwamfutar gem kuma ta fi ƙarfinsa. Nemi 1000VA zuwa 1500VA. Batirin ciki 12V ne mai 7Ah ko 9Ah, mintuna kaɗan zai ba ka, aikinsa ka adana wasa ka kashe lafiya, ba ka ƙarasa wasan ba. Ga kwamfuta mai akwatin wuta na zamani, wasu UPS masu arha suna sa ta mutu daidai lokacin da aka ɗauke wuta, domin irin wutar da batirinsu ke fitarwa ba mai santsi ba ce. Gwada a shago: kunna gem, zare filogin UPS ɗin daga bango, ka ga ko ta tsaya.

Kuma kada a bar PS5 cikin yanayin barci a unguwar da dumso, wato ɗauke wuta, ke yawa. In wuta ta tafi yana tsakiyar sabunta kansa, bayanan ajiya suna lalacewa. In hakan ta faru: kashe shi gaba ɗaya, danne maɓallin kunnawa har ka ji ƙara ta biyu, wajen daƙiƙa bakwai, jona hannun gem da wayar USB, ka zaɓi sake gina ma'ajiyar bayanai. Wannan ba ya goge gem. Zaɓin da ke ƙasa na sake girka komai shi ne mai gogewa, a kula.

Razak, Nima:
Malam, Allah ya saka. To wajen gyara fa, wanne ya fi sauƙi?

Malam Sani, Circle:
Kwamfuta, nesa ba kusa ba. Kowane ɓangare da kansa yake. RAM, ma'ajiyar wucin gadi, ta mutu ka zare ka sa wata, akwatin wuta ya ƙone ka canza shi kaɗai, katin hoto ya tsufa ka sayar ka sa sabo a jikin tsohuwar. A PS5 ma'ajiyar ciki a manne take da babban allo, in ta lalace allon ne gaba ɗaya. Kuma abin da aka shafa tsakanin ƙwaƙwalwarsa da abin sanyaya narkakken ƙarfe ne, ba man shafawa irin na PS4 ba. Yana ɗaukar wuta. Ɗigo ɗaya ya zuba kan allo, shi ke nan. Kada ka ba mai gyaran waya ya buɗe shi don "wanki". Wankin da ya dace: zare filogi, cire murfin gefe, akwai ramukan da aka yi musamman don tara ƙura, a zuƙe su da ƙaramin injin shara, a riƙe fanka da yatsa yayin hura ta don kada ta yi ta juyawa. Lokacin hunturu a yi haka duk wata, sauran shekara duk wata uku. Kada a sa shi cikin kabad mai ƙofa.

Sai hannun gem. Cutar nan da ɗan wasa ke tafiya shi kaɗai ba ka taɓa sanda ba, daga ɗan abin auna motsi ne da ke ƙarƙashin sandar, yana da layin gawayi da ke cinyewa da gugar yau da gobe. Goge shi da sifirit na gyaran lantarki yana saye maka makonni ne kawai. Gyaran gaskiya a cire dukan ƙwayar, ƙafa 14 ne na dalma, a sa mai aiki da maganaɗisu wadda babu guga a cikinta, sannan a daidaita ta a kwamfuta, in ba haka ba sandar ba za ta zauna a tsakiya ba. A Amurka da Turai Nintendo yana gyara wannan cuta kyauta a hannun Switch saboda ƙorafi da ƙararraki sun yi yawa. Mu nan daga aljihu ne.

Yusif, Aboabo:
Malam ya faɗi sauƙin gyara, bari in faɗi sauƙin cuta. PS5 iri ɗaya ne ko'ina, wanda ke Kejetia shi ne wanda ke Landan. Kwamfutar da aka haɗa a shago kuwa, wanda bai sani ba an gama da shi. A sa mata fitilu masu launi da gilashi, a ce "Core i7", ba a faɗa maka ƙwaƙwalwar ta wane zamani ce ba. i7 na zamani na uku ko na huɗu ya haura shekara goma, i3 na zamani na 12 ya fi shi gudu. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a hukumance, in Intel ne, sai na zamani na 8 zuwa sama, da TPM 2.0, wani guntun tsaro da ke cikin kwamfuta. Valorant a Windows 11 da Battlefield 6 ba sa tashi in babu TPM 2.0 da saitin tsaro na Secure Boot. Ka saya da murna, ka je gida gem ya ƙi buɗewa.

Ga kuma jira. GTA V ya fito a Satumban 2013, 'yan kwamfuta sai Afrilun 2015. Red Dead Redemption 2 shekara guda suka jira. GTA VI ma PS5 da Xbox aka ambata. Kuma masu maguɗi a wasan intanet sun fi yawa a kwamfuta, shi ya sa 'yan FC da yawa a PS suke kashe haɗin wasa da sauran na'urori.

Fuseini, Madina:
Wannan gaskiya ce, ba na musu. Maganinta gwaji kafin biya, kuma ba ya ɗaukar awa guda. A je da filashi mai ɗauke da manhajojin gwaji, CPU-Z, GPU-Z, CrystalDiskInfo da FurMark. CPU-Z zai nuna ainihin lambar ƙwaƙwalwar da ko RAM ɗin sanda biyu ce. 8GB biyu sun fi 16GB guda ɗaya gudu a gem. GPU-Z yana tona katin da aka canza wa suna. A kula da RX 580 mai 2048SP, ƙarfinsa na RX 570 ne, kuma da yawan waɗannan katunan sun yi shekaru suna haƙar kuɗin intanet dare da rana. CrystalDiskInfo zai faɗi awannin da ma'ajiya ta yi tana aiki da lafiyarta. FurMark a bar shi minti 15: in zafi ya haura digiri 85, ko ɗige-ɗige suka fito a allo, ko ta mutu, a bar musu kayansu.

Wanda kuɗinsa bai kai ba yana iya ɗaukar tsohuwar kwamfutar ofis irin Dell OptiPlex ya sa mata kati, amma da sharaɗi. Akwatin wutarsu ƙarami ne, sau da yawa wat 180 zuwa 260, ba shi da wayar ciyar da kati, kuma filoginsa na kamfanin ne, ba kowane akwati ke shiga ba. Don haka sai katin da ke shan wuta daga ramin allo kaɗai, ƙasa da wat 75: GTX 1650 marar filogi, RX 6400, ko RTX 3050 mai 6GB. In siririyar ce, katin ma dole gajere. RX 580 yana cin wat 185, kada a gwada shi da wayar dabara. Irin wannan haɗin zai buga FC da Fortnite da GTA V lafiya, amma ba zai kamo PS5 ba, kada mai shago ya ce maka zai kamo.

Akwatin wuta kuma shi ne inda masu haɗawa ke rage kuɗi. Wanda aka rubuta wa 650W amma ba shi da nauyi a hannu, ba shi da sunan kamfanin da aka sani, ranar da zai tafi da katin hoto yake tafiya.

Alhaji Tanko, Sabon Zango:
'Ya'yana, ina bin maganarku. Abu biyu zan ƙara. Na farko, ga mai buɗe gidan gem amsar a fili take: PS. Yaro ya zauna, ya ɗauki hannu, minti biyu an fara. Mutum biyu a talabijin ɗaya ba sa buƙatar Plus ba sa buƙatar data. Kwamfuta tana son mai kula da ita.

Na biyu shi ne ya fi damuna. Wannan buɗe fakiti na Ultimate Team a cikin FC da yara ke zuba kuɗi ba su san ɗan wasan da zai fito ba. Ka biya, ka jira sa'a. Sunan wannan a Hausa caca. Kuma shekara na zagayowa sabon FC ya fito, duk abin da aka tara ya zauna a tsohon. A nan PS da kwamfuta duk jirgi ɗaya ne.

Ayisha, Mamobi:
Baba Alhaji, ba kai kaɗai ka kira shi haka ba. Hukumar kula da caca ta Beljiyam ta yanke a 2018 cewa irin waɗannan akwatunan sa'a caca ne, kuma a Janairun 2019 EA ya daina sayar da makin FIFA, waɗanda ake sayen fakitin da su, a ƙasar. Ga iyaye: a PS a buɗe wa yaro asusun yara a ƙarƙashin na babba, a sa iyakar kashe kuɗi ta wata a sifili, a kunna neman kalmar sirri kafin kowace sayayya, kuma kada a bar katin banki a ajiye cikin na'ura.

Wannan ya kawo ni kan mai da kuɗi, inda bambancin yake da girma. Steam: cikin kwana 14, in ba ka buga sama da awa biyu ba, za a mai da maka, ko dalilinka shi ne gem ɗin bai yi maka ba. PlayStation: kwana 14 ne shi ma, amma da zarar ka fara saukewa haƙƙin ya faɗi, sai in gem ɗin ne ya lalace. Yaya mutum zai san abu bai yi ba tun bai buɗe shi ba? Steam ya kawo tsarinsa a Yunin 2015, a watan ne Batman: Arkham Knight ya fito a kwamfuta a lalace, har kamfanin ya janye shi daga kasuwa. Da Cyberpunk 2077 ya fito a Disamban 2020 cike da matsaloli a PS4, sai da hayaniya ta cika duniya Sony ya cire shi daga shagonsa ya mai da kuɗi.

Kada kuma a ɗauka kirki ne ya sa. Kotu a Ostireliya ta ci tarar Valve, mai Steam, dalar ƙasar miliyan 3 a 2016 kan hana mutane haƙƙinsu na mai da kaya, ta ci Sony na Turai miliyan 3.5 a 2020 kan irin wannan laifi. Inda hukuma ke da haƙori kamfani yana gyara hali. A nan abin da muke da shi dokar sayar da kaya ce ta 1962, daftarin cikakkiyar dokar kare mai saye kuma an shafe shekaru ana maganarsa. Don haka garantin da ke hannunka shi ne abin da mai shago ya rubuta. A karɓi rasit mai lambar jikin na'ura, kwanan wata, da adadin kwanakin garanti a rubuce. "Ka dawo in ya ba da matsala" ba garanti ba ne.

Gargaɗi ɗaya: kada wanda ya fusata ya sa banki ya janyo kuɗin da ya biya PlayStation. Suna rufe asusun har sai an biya, duk gem ɗin da ke ciki su tsaya.

Razak, Nima:
Anti, to gem ɗin da mutum ya saya ya sauke, nasa ne ko ba nasa ba?

Ayisha, Mamobi:
Izinin amfani ka saya. Tun Oktoban 2024 Steam yake rubuta haka a shafin biya, bayan jihar Kalifoniya ta yi dokar da ta hana a ce "saya" ba tare da an bayyana cewa lasisi ne ba. Misalin da ya tayar da ƙura shi ne The Crew na Ubisoft, wasan mota na 2014. A ƙarshen Maris 2024 aka kashe sabarsa, wato kwamfutar kamfanin da gem ɗin ke haɗuwa da ita, gem ɗin ya mutu ga kowa, har da masu faifai, domin ko kai kaɗai za ka buga sai ya gaisa da saba. Daga nan Ross Scott ya fara yunƙurin Stop Killing Games, wanda takardar kokensa a Tarayyar Turai ta haura sa hannu miliyan ɗaya a Yulin 2025. Buƙatarsu ba ta da yawa: in kamfani zai tafi, ya bar gem a yanayin da wanda ya biya zai iya bugawa.

Mu wannan ya fi shafa. Ku tuna 14 ga Maris 2024 da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka yanke ta wajen Kodebuwa, ƙasar nan ta yi kwanaki cikin wahalar intanet. Duk gem ɗin da sai ya tabbatar da lasisi ta intanet ya zama hoto a allo.

Fuseini, Madina:
Shi ya sa GOG ya fi kowa gaskiya a wannan fanni. Suna ba ka fayil ɗin girkawa cikakke ba kulle, ka ajiye a faifan waje, ka girka ko babu intanet ko babu asusu. Sai dai FC da Call of Duty ba sa can, kuma su Razak ya ce yana so. A Steam a shiga yanayin rashin intanet tun layin yana nan, a kuma buɗe kowane gem sau ɗaya tukuna, musamman masu kullen Denuvo da ke neman tabbatarwa lokaci zuwa lokaci. A PS5 a shiga saituna, masu amfani da asusu, a kunna raba na'ura da wasa ba intanet. In ba a kunna ba, layi na yankewa kwaɗo zai bayyana kan gem ɗin da ka biya.

Yusif, Aboabo:
Wannan kwaɗon shi ne ƙarshen masu sayen PS "cike da gem" a shafin cinikin intanet na Jiji da shagunan Circle da PZ. Gem ɗin suna kan asusun mai sayarwa ne, asusu ɗaya ya raba wa mutum da yawa. Ranar da ya canza kalmar sirri ko ya kashe na'urarka daga asusun, duk sun kulle. Kuɗin na'ura kaɗai za ka biya, gem ɗin ka ɗauke su kamar babu. PS4 da aka fasa wa kulle kuma ba ya shiga intanet, in ya sabunta kansa komai ya tafi.

Na hannu in za a saya: a goge shi gaba ɗaya a gabanka, ka shiga da asusunka a wurin, domin akwai na'urorin da Sony ya haramta wa shiga intanet kuma ba a gane su da ido. Ka sa faifai ya karanta, ka motsa wayar HDMI a hankali ka ga ko hoto yana ɗaukewa, ka buga minti 30 kana sauraren fanka, ka duba ko an taɓa sukurorin. Kada a tura kuɗi ta MoMo kafin an ga kaya.

Razak, Nima:
Na gode ƙwarai. Abin da na fahimta: don ƙwallo da zama da abokai a ɗaki, PS5 mai faifai. Wanda zai yi karatu ko aiki da ita, yana son arhar gem da ikon mai da kuɗi, kwamfuta, in ya samu wanda zai raka shi gwaji. Saura ɗaya: wani ya ce in sayi marar faifai tunda ya fi arha, daga baya in ƙara masa abin karanta faifan. Haka ne?

Malam Sani, Circle:
Ya danganta da samfurin. Marar faifai na farko, mai kauri na 2020, ba a ƙara masa komai, haka zai ƙare. Siririn da ya fito ƙarshen 2023 da PS5 Pro na Nuwamban 2024 su ne ake ɗaura wa. Kuɗinsa dala 80 a can, a nan in ka same shi ya fi haka, kuma ranar ɗaurawa sai an jona intanet sau ɗaya ya yi rajista da na'urar. In ka haɗa lissafi, mai faifai tun farko ya fi sauƙi.

Ka ware kuɗin ma'ajiya ma. Na farko 825GB aka rubuta, abin da za ka samu wajen 667GB ne, manyan gem shida ko bakwai ya cika. Yana karɓar ƙarin ma'ajiya, SSD irin M.2 na kasuwa, amma sai PCIe zamani na 4, an fi son mai gudun karatu 5500MB a daƙiƙa ko sama, da ƙarfen sanyaya a jikinsa, siriri yadda murfin ramin zai rufu. Na zamani na 3 ba zai karɓa ba ko ya shiga ramin. Faifan waje na USB yana buga gem ɗin PS4, na PS5 kuwa ajiya kawai yake yi musu, sai ka mai da su ciki kafin su tashi. In ka zo saye ka taho da lambar samfurin da ke jikin kwalin, mai farawa da CFI, a duba maka kafin ka biya.